Bidiyon da Baba Ya Hana a Ɗauka

Abin da Akawu yake tsoro, wanda bai taɓa iya furta wa kowa ba, shi ne kada mahaifinsa ya yi kyan gani. Kowace safiya in ya tura ƙofar ɗakin da kofin shayi a hannu, sai ya fara duban fuskar tsohon kafin ya gaishe shi, kuma duk ranar da ya tarar kumatun sun ɗan ciko, idanun sun washe, sai gabansa ya faɗi. Daga baya kunya ta rufe shi, ya yi ta istigfari a zuci har ya isa wurin aiki. Ya san ɗan kirki ba ya irin wannan tunani. Amma kuma ya san abin da ya rage a gidan wanda za a iya samun kuɗi da shi, kuma bai wuce fuskar Baba ba.

Akawu laƙabi ne da yayansa ya liƙa masa tun lokacin da ya kawo takardar difloma gida, ya samu aiki a wani shagon kayan gini, inda yake wuni a bayan kanta yana rubuta rasit, ƙurar siminti tana sauka a gashin idonsa. Yayan nasa kuwa kowa Ciyaman yake ce masa, ko da yake babu ƙungiyar da ta taɓa zaɓensa. Mutum ne mai wayoyi biyu da harkoki barkatai waɗanda kullum sun kusa faɗowa. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa. Mai riƙe da girkin gidan ita ce Goggo, ƙanwar Baba, wadda ta dawo wajen ɗan'uwanta bayan mutuwar mijinta.

Shi kuwa Baba, da Mai Hoto aka san shi. Da wuya ka shiga gida a unguwar ba ka ga aikinsa rataye a bango ba. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, da labule mai zanen lambu da matakalar bene, da kujera mai hannu, da madubi da mataji da gwangwanin hoda, da kwat guda ɗaya da yake ara wa samarin da suka zo ɗaukar hoton neman aiki. Yana da wata ƙa'ida da abokan sana'arsa suke yi wa dariya: hoto ba ya fita daga shagonsa sai mai shi ya gani, kuma ba ya sakin wanda mutum ya fito a wulaƙance. In ido ya rufe, ko baki ya karkace, ko wuyan riga ya lanƙwashe, sai ya yayyanka shi a gaban mutumin, ya sake ɗauka bai karɓi komai ba. Yakan ce ba mai hoton ne zai daɗe yana kallonsa ba, jikokinsa ne, kuma ba za a ce a shagonsa aka kunyata kakan wani ba.

Sankara ce ta kama shi a hanji. Aka yi tiyata aka yanke abin da za a yanke, sannan likita ya ce sai an bi da ruwan magani ta jijiya, zango bayan zango, da hutun 'yan makonni a tsakani. Kowane zango sai an sayi maganinsa kafin a ɗaura. Injin wanke hoto ne ya fara tafiya, janareto ya bi shi, sai babur ɗin Akawu, sai filin da mahaifiyarsu ta bari. Shagon ma aka sallama wa wani mai sayar da rigunan waya, wanda ya ciro labulen lambun ya shimfiɗa a ƙasa yana baza kaya a kai. Maigidan Akawu ya yi ta ba shi albashi a gaba, har ta kai in ya hango shi ya nufo ofis sai ya ɗauki waya ya kara a kunne, ko ba ta yi ƙara ba. Dangi sun zo da farko da lemo da ayaba da dogayen addu'o'i. Daga baya in an kira su sai wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ana tsakiyar zangunan, Akawu ya sayar da kyamarar Baba ta ƙarshe ya biya na gaba, kuma bayan wannan babu sauran abin ɗauka.

Wata Lahadi da hantsi, yana tsugune a tsakar gida yana wanke zanin gadon Baba, Ciyaman ya shigo yana kaɗa makullin motar da ba tasa ba.

"Akawu, Akawu! Difloma a cikin kumfa. Bar wankin nan ka saurare ni, na samo mafita."

"Sannu da zuwa, Yaya. Wace irin mafita?"

"Bidiyo. A ɗauki tsoho ya yi bayani, a sa lambar asusu a ƙasa, in tura wa mutanena su yaɗa. Ka ga yarinyar nan mai ciwon ƙoda? Kafin ka ce me, an tara mata na aiki har da canji."

Goggo ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Wato bara za ku sa ɗan'uwana ya yi da tsufansa?"

"Goggo, bara a bakin titi ake yin ta. Wannan neman tallafi ne, har masu digiri suna yi." Ya juya ga ƙaninsa. "Kai za ka gaya masa. Ni in na buɗe baki sai ya ce da wata manufa na zo."

"To, ba ka da ita ne?" in ji Goggo.

"Ina da ita mana. So nake kada ya mutu. Ko shi ma laifi ne?"

Akawu ya yi kwanaki yana shirya kalmomin da zai faɗa, yana sauya su a hanyar zuwa aiki da ta dawowa. Da ya faɗa a ƙarshe, yana durƙushe a gefen gado, Baba ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: shi zai tsara ɗaukar, kuma sai ya gani ya amince kafin a fitar.

Ranar ɗaukar sai ka rantse wani babban taro za shi. Ya sa Goggo ta sake goge masa farar rigarsa, domin karin hannun bai fita yadda yake so ba. Ya sa hula ta rufe kan da magani ya rage wa gashi. Ya aika aka samo hoda, ya shafa a ƙasan idanu da ɗan yatsa, a hankali, kamar yadda ya yi wa fuskoki marasa adadi. Aka jawo kujera kusa da taga, aka matsar da ita, aka sake matsarwa. Goggo ta tsaya a gefe riƙe da farin zani a buɗe, don hasken tagar ya dawo ya cike ramin kumatu.

"Ɗaga shi sama kaɗan. Ba shanya na ce ki yi ba. Kai kuma Akawu, kawo wayar daidai idona, kada ka ɗauke ni daga ƙasa kamar ɗan siyasa."

Ciyaman yana jingine da ƙofa yana taɓe baki. "Baba, ka ɗan yi tari mana. Ko ka dafe ciki."

"Tarin bai zo ba. In ya zo zan aika a kira ka."

Ya zauna ƙyam, ya yi sallama, ya faɗi sana'arsa da ciwonsa da abin da likita ya ce, cikin natsuwa. Ya ce wanda Allah ya hore wa, kuma ransa ya so, ga hanya. Wanda bai samu ba, addu'arsa ta wadatar. Ya yi godiya. Da aka nuna masa, ya kalla har ƙarshe, ya gyaɗa kai. Tun kafin tiyata Akawu bai ga mahaifinsa da kwarjini irin na ranar ba, kuma a lokacin abin daɗi ya yi masa.

Da aka saki bidiyon, abin da ya shigo asusun bai isa ko allurar hana amai ba. Sharhi ne ya yi yawa. Akawu ya karanta su a bayan kanta, ya kife wayar, ya ƙudura a ransa cewa ba mai jin su a gida. Da yamma ya dawo ya tarar da Ciyaman zaune dab da tagar Baba, yana karanta wa Goggo da ƙarfi.

"Ji wannan: 'Baba, don Allah wane mai kake shafawa?' Ga wata: 'Angon ne wannan ko majinyacin?' Ga wani ɗan albarka: 'Mazambata sun ci gaba, yanzu har tsofaffi suke haya.' Wannan kuma cewa ya yi shi ya fi tsoho kama da mai sankara, a tura masa kuɗin."

"Yaya, rage murya. Yana ji."

"Ya ji mana! Ai shi ya jawo. An ce masa majinyaci, ya fito kamar mai neman kujerar majalisa. Mutane ba wawaye ba ne, Akawu. Kafin mutum ya taɓa aljihunsa sai cikinsa ya juya. Ka san ranar da ya kamata a ɗauke shi? Washegarin ruwan magani. Ba hula, ba hoda, ga bokiti a gaba. Wannan ko dutse ya gani sai ya tura."

"Kai dai Allah ya shirye ka," in ji Goggo. Amma ba ta ce ƙarya yake yi ba.

"Ni ba ya bari in shiga a ranakun nan. Ke ma korar ki yake yi. Mutum ɗaya yake buɗe wa ƙofa." Ciyaman ya nuna ƙaninsa da waya. "Ɗan lele, sarkin bokiti."

Gaskiya ya faɗa. Duk zangon da aka ɗaura, kwanakin da ke biye Baba yakan sa a rufe ɗakinsa, kuma Akawu kaɗai ke shiga. Shi ke riƙe masa goshi, shi ke zubar da bokiti, shi ke sauya masa tufafi in abin ya fi ƙarfinsa. Goggo sai dai ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa.

"Akawu!" Muryar Baba ta fito ta taga.

Ya shiga ya durƙusa. Baba yana zaune a bakin gado, hannayensa a kan gwiwa.

"Na ji abin da ɗan'uwanka ya ce. Ba na jin haushinsa, tun yana yaro bai san bambancin kasuwa da cikin ɗaki ba. Kai nake yi wa magana. Na bar ka kana ganina a halin da ko uwarku ba ta taɓa ganina a ciki ba. Ka wanke ni, ka sauya mini wando. Ban ɓoye maka komai ba, domin na ɗauka abin da ka gani a wurinka zai tsaya. In ka ɗauke ni a wannan hali, ko da niyyar alheri ce, ban yafe ba. Ka ji, ko in maimaita?"

"Na ji, Baba."

"In kuɗi sun ƙare, sun ƙare. A bar ni a gida in mutu da mutuncina."

"In sha Allahu ba za a kai ga haka ba."

"Ban ce ka yi mini wa'azi ba. Miƙo mini ruwa."

Zangon da aka riga aka biya ya zo. Ɗakin ɗaura ruwan dogo ne, da kujeru masu kwanciya a jere, kowace da ƙarfen rataya a gefenta, da fanka ɗaya mai kuka, da talabijin da aka kashe wa sauti. Baba ya shiga da riga a goge da hula kamar kullum, ya bi majinyata yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Da nas ta sunkuya tana neman jijiya, ya dubi katin da ke rataye a wuyanta ya ce duk wanda ya ɗauki hoton nan ya cuce ta, ya kamata ya dawo mata da kuɗinta. Ta yi dariya har allurar ta kusa kuɓuce mata.

Ana cikin haka likita ya aika a kira Akawu. Ya juyo masa allon kwamfuta, ya nuna masa wasu tabo masu launin toka da bakin biro, na da da na yanzu.

"Albishir ne. Ciwon ya ja baya fiye da yadda na zata. Jikinsa yana karɓar maganin. In aka kammala sauran zangunan a kan lokaci, ina da kyakkyawan fata."

"In kuma aka ɗan samu jinkiri, likita?"

"Kada a samu. In aka tsaya a nan zai iya dawowa, kuma in ya dawo ba lallai wannan maganin ya sake yi masa aiki ba. Ku yi ƙoƙari. Kun riga kun yi mai wuyar."

Akawu ya yi godiya har da ɗan rusunawa. Da ya fito sai ya kama kansa yana tunanin cewa da likitan ya ce babu fata, da yanzu kowa ya huta: a koma gida, a rufe ƙofa, a jira. Tunanin ya tsorata shi.

Ya wuce tagar sayar da magani, ya jira layi ya ƙare, sannan ya sunkuya ya tambaya a hankali ko za a iya ba shi na zango mai zuwa, ya ajiye takardar diflomarsa jingina. Mai maganin bai ko ɗago ba.

"Ɗan'uwa, durowar nan cike take da takardu, har da na injiniya. Masu kawo mana magani ba sa karɓar takarda. Na gaba!"

A kan benci a baranda wata mata mai filas ɗin shayi ta matsa masa wuri. Ya sha ganin ta a ranakun ɗaura ruwa, amma ba su taɓa wuce gaisuwa ba.

"Kai ne ɗan mai hular nan ko? Na ga bidiyonku. Kun yi asarar data."

Akawu ya sunkuyar da kai.

"Ba zagi ba ne, ɗana. Ni ma na yi wannan kuskuren a kan mijina. Da na ga ba ci, sai na ɗauke shi yana kwance, baki a buɗe, ƙashin haƙarƙari a waje. Da wannan aka biya har ƙarshe."

"Ya sani?"

"Ƙannensa suka nuna masa. Da ya samu ƙarfin riƙe biro, takardar saki ya fara rubuta mini."

"Amma ga ki nan har yanzu."

"Ƙanwata nake kawowa, ita a nono ya kama ta. Shi yana can garau, har tumbi ya ajiye." Ta tsiyaya shayi a murfin filas, ta hura, ta kurɓa. "In na gan shi a hanya sai ya tsallaka titi. Da ƙafafunsa fa."

Washegari Akawu bai je aiki ba. Tun da safe Ciyaman ya turo masa saƙo mai kalma biyu, "Yau ce", bai amsa ba, amma bai ajiye wayar a ɗakinsa ba kamar yadda ya saba. Tana aljihun gaban rigarsa lokacin da ya shiga wajen Baba ya tura ƙofa.

Abin ya taso da ƙarfi bayan azahar. Baba yana bakin gado da singileti, kai a buɗe, jijiyoyin hannunsa sun yi baƙi, ya rungume bokiti a tsakanin gwiwoyi. Babu sauran abin da zai fito daga cikinsa, amma cikin bai daina yunƙuri ba. Akawu ya riƙe masa goshi har yunƙurin ya lafa, ya goge masa baki, sannan ya ja da baya don ya jiƙa tawul. Daga inda ya tsaya ya ga hasken tagar ya faɗo ta gefe guda, babu farin zanin da zai mayar da shi, sai ya zana kowane rami: na kumatu, na ido, na ƙasan wuya. Ya gane cewa in ya matsa kaɗan zuwa dama, bokitin da fuskar za su shiga tare. Ya matsa. Bai ji lokacin da ya yanke shawara ba, ya dai ga wayar a hannunsa.

Yunƙurin ya dawo. Baba ya dunƙule, yawu yana zuba daga leɓensa, idanunsa a rufe gam. Ya yi wani nishi mai tsawo, sannan cikin wata siririyar murya da Akawu bai taɓa ji daga bakinsa ba, ya ce, "Wayyo Inna. Inna, zo." Tsoho mai furfura yana kiran uwar da ta rasu tun kafin a haifi 'ya'yansa. Akawu bai sauke wayar ba.

Ɗakin ya yi tsit. Baba bai ɗago ba, bai buɗe ido ba.

"Na ji ka daina numfashi," ya ce.

Ƙurar siminti ta daɗe da barin wani ɗan fito a hancin Akawu, wanda ake ji duk inda ya zauna shiru. Shi kuma tun yana ƙarami Baba ya koya masa cewa mai ɗaukar hoto yakan manne gwiwar hannu da haƙarƙari, ya riƙe numfashi, don kada hannu ya motsa. Jikinsa ya yi abin da aka koya masa bai sani ba, fiton ya ɗauke, kuma wanda ya koyar da shi ya ji.

"Baba..."

"Kawo in gani."

Ya miƙa masa. Baba ya goge hannu a singileti, ya karɓa, ya nisantar da wayar daga idonsa kamar yadda yake yi wa kowane hoto. Nishin ya sake cika ɗakin, wannan karon daga cikin waya. Muryar ta sake kiran Inna. Ya kalla har ƙarshe, fuskarsa ba ta motsa ba.

"Ka tsaya inda ya dace. Ka bar taga a hagu. Ka yi haƙuri har na kira uwata, ba ka katse ba." Ya ɗago ya dube shi. "Hannunka bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Ashe na iya koyarwa."

Ya shiga danna gilashin wayar yana neman inda ake gogewa. Maganin ya daɗe da kashe masa kan yatsu, ba ya jin abin da yake taɓawa. Ya danna nan, ya danna can, bidiyon ya sake farawa, nishin ya dawo. Wayar ta zame ta faɗa kan katifa.

"Goge shi."

Akawu ya durƙusa. "Baba, jiya likita ya kira ni. Ya ce ciwon ya ja baya. Ya ce in aka ƙarasa..."

"Na sani. A jikina yake, ba a jikin likita ba."

"To babu na zango mai zuwa, Baba. Babu komai. Na je wurin maigidana, na je wurin mai magani, na kira duk wanda zan kira."

"Sai ka sayar da ni."

"So nake ka warke."

"In warke in fita titi, yaran da na ɗauka suna jarirai su riƙa nuna ni, ga tsohon nan mai kiran uwarsa? Shekara nawa na yi ina gyara wa mutane wuyan riga don kada a yi musu dariya?" Numfashinsa ya sarƙe, ya jira ya daidaita. "Saurara, don ba ni da ƙarfin faɗa sau biyu. Ka goge shi a gabana, in ɗauka zafin ciwo ne ya sa na yi mafarki, ka ci gaba da zama ɗana har in tafi. In kuwa ka fita da shi daga ɗakin nan, kada ka sake tako ƙofata, ko na warke ko ban warke ba. In na mutu kuma kada hannunka ya taɓa ni."

Kafin Akawu ya amsa, yunƙurin ya sake tasowa. Hannunsa ya kai goshin tsohon da kansa. Baba ya bar shi, domin ba shi da ƙarfin hanawa, amma da abin ya lafa sai ya sa bayan hannu ya ture shi a hankali, ya kwanta ya juya wa ɗakin baya.

Akawu ya zubar da bokitin a banɗaki, ya ɗauraye, ya dawo da shi daidai inda hannu zai kai. Ya sauya tawul. Ya cika kofi da ruwa mai ɗumi ya rufe da faranti. Ya gyara zanin da ya zame daga ƙafafun Baba. Sannan ya ɗauki wayar daga kan katifa, ya tsaya da ita a hannu. Bayan tsohon yana hawa yana sauka, ana iya ƙirga ƙasusuwan ta cikin singileti. Ya buɗe ƙofa ya fita, bai rufe ba.

Goggo da Ciyaman suna tsaye a tsakar gida, kuma fuskokinsu sun nuna ba abin da ya wuce su. Ciyaman ya miƙo hannu yana murmushi.

"Ashe Akawu namiji ne! Turo mini, ni na san inda zan saka."

"Kada ka yi, ɗan nan," in ji Goggo. "Ka ji abin da ya ce. Bakin uba ba abin wasa ba ne. Ka goge, Allah zai kawo wata hanya."

"Wace hanya, Goggo? Faɗa mini ita in bi yanzu," in ji Akawu.

Ta kai gefen zani ga idonta.

Akawu ya juya ga yayansa. "Yaya, ruwan sanyi yana ƙona masa maƙogwaro da yatsu, sai mai ɗumi. Goshi ake riƙewa, ba wuya ba. In ya ɓata jikinsa kada ka ce sannu, kada ka ce komai, ka sauya masa kawai kana kallon bango."

Murmushin Ciyaman ya ɗauke. "Ni? Kai, ni fa warin asibiti ma juya mini ciki yake yi. Ga harkoki sun..."

"Ka ajiye su."

Bai jira amsa ba. Ya taka har bakin ƙofar da ya bari a buɗe, ya tsaya daga waje, yatsun ƙafarsa ba su haura dokin ƙofar ba. Ya ɗaga murya yadda na ciki da na waje za su ji.

"Baba, na ji sharaɗinka, kuma na karɓa. Zan saki bidiyon nan yanzu, da hannuna, ba da na Yaya ba. Ranar zango mai zuwa mota za ta zo ta kai ka asibiti, Yaya zai shiga da kai. Ni a waje zan tsaya."